Shiga Gida Ba Sallama: 'Yan Kutse da 'Ya'yanmu

A kakar bara wata gwauruwa 'yar ikkilisiyarmu, a wani ƙauye kusa da Gafasa, ta sayar da riɗin da ta noma, ta haɗa da abin da ɗanta ya aiko mata daga Legas, ta ajiye duka a banki. Niyyarta ta sāke rufin ɗakinta kafin damina ta faɗi. Wata rana da hantsi sai wayarta ta yi ƙara. Mai maganar ya gaishe ta da ladabi, ya kira sunanta cikakke, ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusunta in ba a gyara shi a ranar ba. Ya ce wata lamba za ta shigo wayarta, ta karanta masa. Ita kuwa ba ta iya karatu ba, sai ta kira jikarta 'yar aji huɗu ta karanta. Kafin rana ta yi tsaka, naira 85,000 ta tafi.

Wannan kashin farko ne na labarin. Kashi na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani saurayi da na koyar a makarantarmu tun yana aji ɗaya. Yaro ne mai kaifin kai, irin waɗanda ba su barin rediyo ko tocila sai sun kwance sun ga abin da ke ciki. Ya koyi gyaran waya a Kano, a kasuwar waya ta Farm Centre, yanzu kuwa yana kafa 'yar rumfarsa ranar kasuwa. Sa'ad da ya ji abin da ya sami tsohuwar, ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutane suna ta raɗa cewa wani saurayi maƙwabcinta ne ya yi, gama shi ne yakan raka ta wurin mai POS. Ana nan sai ga wanda ake zargin ya kawo wayarsa gyara. Ɗalibin nawa ya gyara ta sarai. Amma da dare ya yi, sai ya buɗe ta, ya bi saƙonnin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, yana neman shaida.

Bai sami kome game da kuɗin ba. Abin da ya samu shi ne labarin wata cuta da mai wayar yake ɓoyewa, wadda ko iyayensa ba su sani ba.

Bayan kwana uku ya zo wurina da yamma, ya zauna a bakin tabarma, ya ce, "Malam, ban ɗauki ko kwabo ba. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Don Mama na yi. To, me ya sa na kāsa barci?"

Ban iya ba shi amsa nan take ba. Amma tambayar tasa ta shafi kowane gida da ke da waya, saboda haka bari mu duba ta tare.

SU WANE NE 'YAN KUTSE?

Wayar da ke aljihunka kamar gida take. Tana da ƙofa, wato lambar sirri. Tana da ɗakuna, wato saƙonni da hotuna. Tana da rumbu, wato asusun banki. Haka ma kwamfutocin bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati, manyan gidaje ne da intanet ta haɗa su da hanyoyi. Mutumin da ya san dabarun buɗe ƙofofin nan ba da mabuɗin mai gida ba, shi ne ake kira ɗan kutse, waɗansu kuma suna cewa ɗan dandatsa.

Abin mamaki shi ne, da farko sunan ba zagi ba ne. Wajen ƙarshen shekarun 1950, a wata babbar makarantar fasaha ta Amurka da ake kira MIT, waɗansu ɗalibai masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, daga baya kuma da kwamfuta, sukan kira gwanin cikinsu "hacker", wato mai iya warware matsala da dabarar da ba wanda ya yi tunaninta. A 1984 wani ɗan jarida mai suna Steven Levy ya rubuta littafi a kansu, ya bayyana aƙidarsu. Sun gaskata kada a kulle ilimi, a bar kowa ya taɓa na'ura ya koya. Ba su amince da manya masu riƙe da iko ba. Suna auna mutum da aikin hannunsa, ba da takardar makaranta ko shekaru ko launin fata ba. A ganinsu, su masu sana'a ne kawai.

Mu mutanen ƙasar Gaya mun san darajar sana'a. Tarihin Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka je dutsen Dala neman tama, su ne ake kira Abagayawa. Maƙerin da ya san yadda kwaɗo yake aiki, ya san kuma yadda ake buɗe shi ba mabuɗi. In mabuɗin shagonka ya ɓace, wurinsa za ka. Ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo saboda saninsa. Amma in aka gan shi da tsakar dare yana gwada gwanintarsa a ƙofar wani, maganar ta sāke. Sani ɗaya ne, hannu ɗaya ne, bambancin kuwa shi ne ko mai gida ne ya kira shi.

"NI DAI SO NAKE IN GANI"

Yawancin 'yan kutse da wannan magana suke farawa. A watan Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata 'yar manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ya ce nufinsa ya gane girman intanet, wadda a lokacin ƙarama ce. Amma ya yi kuskure cikin lissafinsa, abin ya yi ta haihuwa har ya shaƙe kwamfutoci wajen 6,000 a jami'o'i da cibiyoyin bincike. A 1990 kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tara, ta sa shi aikin gayya na sa'a 400, aka kuma sa masa ido shekara 3. Bai saci kome ba, duk da haka dubban mutane sun rasa kwanakin aiki dominsa. Daga baya ya zama farfesa a MIT.

Kevin Mitnick ya fi shi suna. Shekara da shekaru yana shiga kwamfutocin manyan kamfanonin waya, har aka kama shi a 1995, bai fito kurkuku ba sai 2000. Shi ma ya ce ba kuɗi yake nema ba, daɗin cin nasara ne yake jansa. Abin lura a labarinsa shi ne, sau da yawa ba da na'ura yake buɗe ƙofa ba, da baki ne. Yakan buga waya, ya mai da kansa ma'aikacin kamfani, ya yi magana mai daɗi har a ba shi lambar sirri. Ashe dabarar da aka yi wa gwauruwarmu tsohuwa ce. Bayan ya fito ya kafa kamfanin ba da shawara kan tsaro, yana yin aikin nan nasa na dā, amma da yardar masu kaya da takarda a hannu, har rasuwarsa a 2023.

Son sani baiwa ce daga Allah, malami kuwa ba ya son kome kamar yaro mai tambaya. Amma wanda ya leƙa ta kan dangar maƙwabcinsa don son sani, ya ga matar gida tana wanka, ba zai ce tun da bai ɗauki kome ba bai yi laifi ba. Ya ɗauki abin da ba ya mayaruwa.

"DON TALAKAWA NAKE YI"

Akwai kuma masu ganin kansu jarumawa ne masu ƙwato wa jama'a haƙƙi. A ƙasarmu ma mun gani. Ran 28 ga Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, waɗansu da suka kira kansu Nigerian Cyber Army suka shiga shafin intanet na hukumar zaɓe, INEC, suka rufe shi da nasu saƙon gargaɗi. A watan Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, waɗansu da suka ce su 'yan ƙungiyar Anonymous ne suka ƙwace shafin Twitter na hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, suka yi ta yaɗa saƙon goyon bayan masu zanga-zanga. Matasa da yawa suka yi musu tafi.

Lalle zalunci yana nan, mai bi kuwa ba zai ce bai dame shi ba. Annabawan Tsohon Alkawari sun tsaya gaban sarakuna sun tsauta musu. Amma ku lura, Natan ya je gaban Dawuda da fuskarsa a buɗe, Iliya ya tsaya gaban Ahab da sunansa, suna shirye su sha abin da zai biyo baya. Mai rufe fuska ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne ɗan doka. In ya yi kuskure ya tona asirin marar laifi, wa za a je a kama? Ɗalibina ma alƙali ya mai da kansa daren nan, wanda ya yanke wa hukunci kuwa ba shi da laifi.

Daga nan taki kaɗan ne zuwa ga waɗanda ake kira 'yan Yahoo, masu damfara ta intanet. Su ma suna da tasu hujja. Za ka ji suna cewa ba aiki a ƙasa, manya ma suna sata, ko kuwa Turawa ne suka kwashe dukiyar kakanninmu, su maidowa kawai suke yi. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya miliyoyi a Instagram da hotunan motoci da agoguna masu tsada, yara da yawa suna sha'awar zama kamarsa. A watan Yuni 2020 aka kama shi a Dubai, a Nuwamba 2022 kuma wata kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 135, wato fiye da shekara 11, saboda haɗa baki wajen ɓad da sawun kuɗin damfara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma kada mu bar 'ya'yanmu su ɗauka abin da ya sa aikin ya zama mugu shi ne ana kamawa. Ko ba a kama ba, akwai wanda ya yi kuka. Mai damfara ba ya ganin fuskar wanda ya cuta, lamba kawai yake gani, shi ya sa zuciyarsa ba ta damunsa. Wanda ya kira gwauruwarmu bai ga ɗakinta da ya yi ta yoyo duk damina ba. Ita ba Baturiya ba ce, ba kuma 'yar siyasa ba.

MAI GADI A KAN GARU

Kada mai karatu ya zaci dukan masu wannan sani miyagu ne. Su da kansu sun kasa kansu bisa ga launin hula, daga finafinan kaboyi na dā inda mutumin kirki yakan sa farar hula, mugu kuwa baƙa. Masu baƙar hula suna shiga don sata ko ɓarna. Masu farar hula kuwa, mai gida ne yake kiransu ya ce, zo ka gwada ƙofofina, ka gaya mini inda ɓarawo zai iya shigowa. Bankuna da kamfanonin waya suna ɗaukarsu aiki. Google da Facebook suna biyan lada ga wanda ya gano ɓaraka cikin manhajarsu ya sanar da su a asirce. A 2016 ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta gayyaci irin waɗannan mutane su gwada waɗansu shafukanta, suka gano mata ɓaraka 138, ta biya su. A tsakiya kuma akwai masu hula ruwan toka, waɗanda sukan shiga ba izini, sa'an nan su zo su ce taimako suka yi.

Labarin wani saurayi ɗan Ingila, Marcus Hutchins, yana da abin koyo. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu ƙasashe wajen 150, tana kulle kwamfutoci tana neman fansa. Asibitoci da yawa a Ingila suka tsaya cik, aka ɗage yi wa marasa lafiya aiki. Hutchins yana da shekara 22, yana aiki daga ɗakinsa a gidan iyayensa. Ya bincika manhajar, ya gano wani adireshin intanet da aka ɓoye a ciki, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai yaɗuwar ta tsaya. Duniya ta yabe shi. Amma bayan wata uku aka kama shi a Amurka, saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya ƙera tun yana ƙarami. A 2019 ya amsa laifinsa, alƙali kuwa ya duba alherin da ya yi daga baya, bai ƙara masa ɗauri ba.

Ga abu biyu a nan. Zunubin ƙuruciya yakan bi mutum har ranar ɗaukakarsa. Amma kuma akwai hanyar komowa, hannun da ya yi ɓarna yana iya zama hannun da ke tsaro. A Afisawa sura 4 manzo Bulus bai tsaya ga hana ɓarawo sata kaɗai ba, ya nuna masa aikin hannu na gaskiya, domin har ya sami abin taimakon mabukata. Aikin mai gadi kuwa, wanda ke kan garu yana faɗakar da gari in masifa ta taso, aiki ne mai daraja, kamar yadda muke karantawa a Ezekiyel sura 33.

SALLAMA DA AMANA

To, da me za mu auna? Kakanninmu sun riga sun ba mu mudu. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a amsa. Ko ƙofa a buɗe take, ko shi ɗan'uwa ne, ko alheri ya kawo, sai an ce ya shigo. Buɗaɗɗiyar ƙofa ba gayyata ba ce. Ubangijinmu ma, a Yohanna sura 10, da hanyar shiga ya bambanta makiyayi da ɓarawo, ɗaya ta ƙofa, ɗaya ta haurawa.

Mudu na biyu shi ne amana. Fotifar ya danƙa wa Yusufu dukan abin da ke gidansa, ba ɗakin da ba zai iya shiga ba. Sa'ad da jaraba ta zo, ba kowa a gidan, ba mai gani. Abin da ya tsare Yusufu shi ne ya tuna amanar maigidansa, ya kuma san zunubin gāba da Allah ne. Mai gyaran waya, da mai cajin waya a kasuwa, da mai POS, da yaron da kakarsa ke ba shi waya ya karanta mata saƙo, duk a matsayin Yusufu suke. An sa musu mabuɗi a hannu don aiki ɗaya.

Dokar ƙasa ma tana da magana. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar hana laifuffukan intanet, aka yi mata gyara a 2024. Ta tanadi ɗauri ko tara saboda kutse cikin kwamfuta, da damfara ta intanet, da yin sojan gona da sunan wani. Hukumar EFCC kuwa tana kai samari da yawa kotu saboda irin wannan. Amma doka tana zuwa ne bayan ɓarna. Tsoron Allah shi ne yake aiki da tsakar dare, sa'ad da wayar wani take hannunka.

GA IYAYE

In Allah ya ba ku yaro mai wannan kai, kada ku kira shi ɓarawo, kada kuma ku ƙwace na'urar ku zaci kun gama. Ku nema masa hanya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil, wadda a 2022 aka sa wa sunan Aliko Ɗangote, ga Jami'ar Bayero a Kano, duk ana koyar da ilimin kwamfuta. Ƙasarmu tana bukatar masu gadi amintattu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku koya masa tun yana ƙarami kada ya buɗe wayar 'yar'uwarsa sai da izini. Ku ma ku zama gurbi, gama yaron da ya ga iyayensa suna leƙen wayar juna a ɓoye ya riga ya ɗauki darasi.

In kuwa ɗanku ba shi da sana'ar da kuka sani, ya fara kawo kuɗi da sababbin wayoyi, ku tambaye shi daga ina. Kada ku ci, kada ku sa albarka, sai kun ji amsa. Ikkilisiya ma ta yi hankali da baikon da ba a san tushensa ba.

Ku kuma faɗa wa tsofaffinmu, ku maimaita musu: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman lambar sirri, ko lambar da ta shigo waya. Duk mai nema, a kashe wayar. In an riga an ba shi, a sanar da banki nan da nan a rufe asusun, kada a jira gobe don kunya.

Ɗalibina kuwa, da ya dawo, na ce masa, "Ɗana, rashin barcin nan alheri ne, Allah bai bar lamirinka ya mutu ba. Ka shiga gidan mutum ba sallama. Wurin Allah akwai gafara, amma sai ka je wurin mai gidan kuma." Mun karanta labarin Zakka tare, wanda bai tsaya ga tuban baki ba. Ya yi mako biyu yana jinkiri, sa'an nan ya tafi. Mai wayar ya yi fushi ƙwarai, yana kuwa da gaskiya. Har yanzu gaisuwa ce kaɗai tsakaninsu. Amma ɗalibin nawa ya riƙe asirin, ya kuma bi waɗanda suka yi raɗar ya gaya musu su bar zargin marar laifi. Yanzu in an kawo masa gyara, yakan ce wa mai wayar ya tsaya ya buɗe ta da hannunsa, a gwada a gabansa.

Kuɗin gwauruwar bai dawo ba. Zumuntar mata ce ta yi karo-karo, matasa suka hau suka rufa mata ɗakin bayan girbi. Mu riƙa tunawa da ita cikin addu'a, da saurayin nan marar lafiya, da wanda ya buga mata waya ma, gama shi ma ɗan wani gida ne.